Wata ya ɓoye Kaza da ƴaƴanta

A lokacin ɗari, bayan sallar lisha, ana ganin waɗansu ƙananan taurari sun cure wuri ɗaya. Hausawa suna ce musu Kaza da ƴaƴanta. Mai kaifin ido yana ƙirga shida ko bakwai, amma sun fi dubu.

Wani dare wata yakan bi ta gabansu. Masu sha'awar taurari sai su fita bayan gari, inda babu hasken lantarki, su kafa madubin hangen nesa, su zura ido. Wata yana matsawa gabas sannu sannu. Da gefensa mai duhu ya kai ga tauraro, sai tauraron ya ɓace farat ɗaya. Ba ya dushewa a hankali, domin babu iska kewaye da wata. Bayan awa ɗaya, ko ƙasa da haka, sai ya ɓullo ta ɗaya gefen.

Wata bai taɓa tauraron ba, tare shi kawai ya yi. Ko yaro yana iya ɓoye kuka mai nisa da babban yatsansa. Wata yana kusa: haskensa yana isowa duniya cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan kai. Hasken Kaza kuwa yana yin shekara fiye da 400 a hanya.