Tsiron hatsi da tukunyar kunu: inda zaƙi ke tsayawa, maye ya fara

A Amurka da Ingila akwai mutanen da abin ɗebe musu kewa a ƙarshen mako shi ne dafa giya a cikin gida. Mutum yana da aikinsa na ofis, kuma giyar kanti ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba, amma sai ya sayi tukwane da ma'aunin zafi da buhun tsiron sha'ir, ya wuni yana juya dahuwa don sha'awa kawai. Ingila ta ɗage wa masu wannan harka dokar neman lasisi a 1963. A Amurka Shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a kan dokar da ta halatta abin a 1978, aka yarda baligi ya dafa galan 100 a shekara don amfanin gidansa, kodayake jihohin Alabama da Mississippi ba su sakar wa mutanensu mara ba sai 2013.

A Nguru da Gashuwa babu wurin wannan sha'awa. Addini ya haramta, al'ada ta ƙyamata, kuma tun da Yobe ta bi sahun Zamfara wajen aiwatar da shari'a zamanin Gwamna Bukar Abba Ibrahim, hukuma ma ta sa ƙafa ta take. Sai dai wanda ya karanta littattafan waɗancan masu sha'awa, sannan ya zauna kusa da mai kunun zaƙi daga la'asar zuwa asuba, zai ga rabin ilimin da Bature ke biyan kuɗi ya koya yana hannun matan unguwarmu, kuma sun gaje shi ne ba tare da takarda ba.

Ga yadda aikin yake. Za a jiƙa gero ko dawa ya kwana, a wanke, a kai inji tare da citta da kanumfari da masoro, wasu su ƙara busasshen dankalin Hausa. Gasarar da ta fito sai a raba ta biyu, kaso babba da ƙarami. Babban shi ake sheƙa wa tafasasshen ruwa a dama, ya yi kauri kitif har muciya ta tsaya a ciki. Ba a taɓa shi sai ya huce. Mai kunu takan tsoma yatsa, idan ta iya jurewa to lokaci ya yi. A nan take zuba ƙaramin kason, ɗanye, wanda aka haɗa da niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko na dawa, ta juya, ta rufe. Kafin a yi sallar isha'i kaurin nan ya fara saki. Da asuba ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi-zaƙi tun ba a sa masa sukari ba, ga ɗan tsami mai daɗi a bayan harshe. Sai tacewa.

Abin da ya faru a cikin daren nan aiki biyu ne. Ƙwayar hatsi rumbun sitaci ce, kuma idan ta fara tsiro takan samar da wani sinadari, amilas, wanda ke yanyanka sitaci ya mai da shi sukari don ciyar da jaririn tsiro. Wasu masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, su suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir a 1833. Tafasa tana kashe shi, sanyi kuma yana sa shi kasala. Ya fi ƙwazo a zafin da ya kai digiri 60 zuwa 70. Yatsan mai kunu shi ne ma'auninta. Wadda ta yi gaggawa ta zuba tsiro a kunu mai tururi, gobe za ta tarar da shi da kaurinsa. Aiki na biyu na wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu cin sukari su fitar da tsami, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Louis Pasteur ya yi bayaninsu a 1857.

Har zuwa nan hanyar kunun zaƙi da ta burkutu kusan ɗaya ce. Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, da ƙabilu da dama na tsakiyar Nijeriya, su ma da tsiron jar dawa suke farawa. Inda aka rabu shi ne masu burkutu suna sake dafa ruwan, su zuba masa ragowar tsohuwar giya, su bar shi kwana biyu ko fiye. Wannan ragowa cike take da yis, shi kuwa yis idan ya ci sukari barasa yake fitarwa tare da iska mai kumfa. Mai kunu ba ta gayyatarsa, amma yana nan a iska, a jikin ƙwarya, a bakin rariya, yana jiran a ba shi lokaci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Nguru ke haura digiri 40, lokacin da yake bukata kaɗan ne ƙwarai.

Shi ya sa tambayar farko da dattijo mai sayen kunu ke yi wa 'yar talla a bakin tasha ba ta kuɗi ba ce. "Yarinya, na yau ne?" Ita kuma ta ce, "Wallahi Baba, da asuba Inna ta tace." Dattijon ba zai tsaya a rantsuwa ba. Zai matsa gorar ya ji ko ta kumbura ta yi tauri, ya murɗe murfin a hankali yana sauraron ko za ta yi tsaki, ya kai hanci. Gorar da ta huro iska, kunun cikinta ya tashi.

Malamanmu ba su bar wannan gaɓa a duhu ba, kuma a ganina sun fi mu kula da ita. Imam Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) tsimin zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin kwana na uku, abin da ya rage kuma ba ya ajiye shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Nguru kamar ko'ina a ƙasar nan, ta kawo hani game da haɗa abu biyu a jiƙo ɗaya, da kuma yin tsimi a cikin duma ko mazubin da aka shafe da kwalta. Masu sharhi sun ce dalili shi ne waɗannan suna gaggauta tashin abin sha, har ya kai ga maye mai shi bai sani ba. Wato hukunci ne da aka gina a kan lura da mazubi da zafi da adadin kwanaki. Ƙa'idar mazhabar Malikiyya kuma sananniya ce: duk abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ko daga inabi ya fito ko daga gero.

Akwai wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. Lemon malt da ake rabawa a ɗaurin aure da walima ɗan gidan tsiro ne, ruwan zaƙin da aka hana yis shiga. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin Legas da Kaduna dawar Arewa suka koma wa, musamman irin SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Manomin dawa ya samu kasuwa, kamfani ya samu riba, kwalba tana wata da watanni a kanti. Kunun da ya girmi kamfanonin nan da ƙarnoni kuwa har yau ba ya iya kwana biyu ba tare da ƙanƙara ba, ga wutar lantarki yadda kowa ya san ta.

Haɗarin da ke tattare da abin sha na gida a yankinmu ma ba maye ne kan gaba ba. Ruwan da aka dama da shi, da gorunan da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama, da garin ɗanɗano na leda da ba a san asalinsa ba, su ne abin tsoro. A watan Maris na 2021 an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami da garin da wa'adinsa ya wuce. Ga kuma samarin da ke jefa zaƙami a zoɓon biki, wanda ɓarnarsa ga hankali ta fi ta burkutu nesa ba kusa ba.

Abin gyara harkar kunu bai yi mana nisa ba: Gashuwa tana da jami'ar tarayya tun 2013, ga shinkafar fadamar Komadugu, ga geron tudu. Dabarar Pasteur ta tsawaita kwanan abin sha ba ta bukatar inji: a ɗura a kwalba, a rufe, a tsoma a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 70 na kimanin rabin awa, yis da bakteriya su mutu, ɗanɗano ya tsaya inda mai kunu ta so. Cikas ɗin shi ne gorar roba tana lanƙwashewa a irin wannan zafi, kwalbar gilashi da murfinta kuwa sun fi kunun da ke cikinsu tsada, kuma mai saye a tasha ba ya dawo da kwalba.