Ƙaura da Iyali Bayan Rasa Aiki

Lokacin da kamfanin Cominak ya rufe ma'adinin uraniyum na Akokan, kusa da Arlit, ranar 31 ga Maris 2021, bayan fiye da shekara 40 ana haƙa, ma'aikata wajen 600 suka wayi gari babu albashi, kuma da yake garin Akokan domin ma'adinin aka kafa shi, sai ƙaura zuwa wata jiha ta zama lalura ga magidanta da dama.

Wanda ya nufi Maradi, cibiyar fatauci wadda hanyar Ɗan Isa ta haɗa da Katsina, ya kamata ya riga iyalinsa isowa, domin shari'a ta ɗora masa nafaƙa da mazauni, kuma ba adalci ba ne ya sauke mata da yara a zauren ɗan'uwa alhali bai kama ɗaki ba. Idan hayar birni ta gagara, Tibiri na kusa. Mai ƙarfin noma kuwa ya duba Jiratawa, inda ake noman rani a fadamar Gulbi. Takardun hukumar fanshon ma'aikata ta CNSS da na makarantar yara su kasance a hannunsa kafin a koma karatu cikin Oktoba.