Kada Gurnani Ya Cinye Kaurin Jitar Bas

A shekarar 1961 wata waƙa ta Marty Robbins mai suna Don't Worry ta fito a Amurka, a tsakiyarta kuma akwai sautin da kunnuwa ba su saba da shi ba. Lokacin da ake ɗaukarta a birnin Nashbil, layi ɗaya na teburin haɗa sauti ya lalace, sai bas mai tsirkiya shida da Grady Martin ke kaɗawa ta fito da wani gurnani mai kaushi. Aka saurara, aka ga ya yi daɗi, aka bar shi. Injiniyan aikin, Glenn Snoddy, ya ƙera ɗan akwatin da zai riƙa ba da wannan sauti da gangan, kamfanin Gibson kuma ya kai shi kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ke nan bas ce silar wannan akwati da ake kira fedal. Amma har yau babu wanda dangin fedal ɗin ke wahalarwa kamar mai kaɗa bas.

Na ga haka da idona a wani ɗakin atisaye. Saurayi ya zo da sabon fedal ɗin obadaraib, irin wanda ake takawa da ƙafa. Da ya gwada shi kaɗai, kowa ya yaba. Mai ganguna da mai jita na shigowa, ya taka fedal ɗin a kan amshi, sai waƙar ta zama fayau kamar an zare mata ƙashin baya. Yatsunsa na gudu a kan tsirkiya, amma dundumin da ke dukan ƙirji ya ɓace. Ya duƙa ya ƙara ƙara, abin ya daɗa caɓewa. Garin gyaran gira, ido ya tafi.

Laifin ba na hannunsa ba ne. Tsirkiya mafi kauri a bas mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, idan mai biyar ce ta sauka zuwa wajen 31. Ta jita kuwa sau 82 take yi. Aikin obadaraib shi ne ya kumbura sautin har ya wuce iyakar da aka sa masa, sannan ya aske kan igiyar sautin. Wannan askin ne ke haifar da ƙananan muryoyi a sama, waɗanda kunne ke ji a matsayin kaushi. To, a bas, mafi yawan ƙarfin yana can ƙasa, don haka kaurin ne ke fara cin karo da askar. Ana danne shi, siraran muryoyin sama na ƙaruwa. Haka nan bambancin da ke tsakanin taɓa tsirkiya a hankali da fizgarta da ƙarfi yana raguwa, alhali da wannan bambancin ne mai bas ke magana da mai ganguna.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi kama mutane. Yawancin fedal ɗin da ke kasuwa don jita aka yi su, maƙeransu kuma da gangan suke hana kauri shiga wurin askin, don kada sautin jita ya dagule. Ɗauki Tube Screamer na kamfanin Ibanez, koren akwatin nan da ya fito a ƙarshen shekarun 1970. An tsara shi ya fi kumbura abin da ya haura girgiza 720 a daƙiƙa, abin da ke ƙasa kuwa ya bar shi a baya. A hannun mai jita wannan alheri ne, domin yana fito da shi fili. A hannun mai bas, an ɗaga rufin ɗaki ne an bar harsashi ba ƙarfi.

Maganin ya daɗe da samuwa: a raba sautin gida biyu. A waƙar Think for Yourself ta ƙungiyar Beatles, cikin faifan Rubber Soul na 1965, Paul McCartney ya kaɗa bas sau biyu, ɗaya mai gurnani, ɗaya tsabtatacciya tana riƙe da ƙasa. Chris Squire na ƙungiyar Yes ya sa an gyara wayoyin jitarsa ƙirar Rickenbacker ta riƙa fitar da layi biyu, mai kauri ya tafi amfilifayar bas, siririn ya tafi amfilifayar jita ya yi kaushinsa a can. Wannan dabarar ce kamfanoni suka dunƙule cikin akwati ɗaya. Boss ODB-3 yana da abin murɗawa da aka rubuta wa Balance, kamfanin Darkglass na ƙasar Finlan kuma ya sa Blend a kan B3K. Aikinsu ɗaya ne, su gauraya sautin asali da mai gurnani gwargwadon yadda kake so. Wanda ya riga ya sayi fedal ɗin jita ba sai ya jefar ba, Boss LS-2 na iya raba masa layin ya sake haɗawa.

A ganina, wanda ke da hali ya ƙara taki ɗaya. Ya sa matatar sauti a layin gurnani ta tare duk abin da ke ƙasa da wajen girgiza 200 zuwa 300 a daƙiƙa, layin tsabta ya ɗauki nauyin kauri shi kaɗai. A nan ne za ka ji kamar kayan kiɗa biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Sai dai a kula da tarko guda. Wasu fedal ɗin suna juya sautin a kife, wato lokacin da layin tsabta ke tura lasifika gaba, na gurnani na janyo ta baya. Idan ka gauraya su ka ji kaurin ya ragu maimakon ya ƙaru, wannan ce alamar. Wasu na'urorin gauraya suna da maɓallin da ke daidaita wannan, a neme shi kafin a biya kuɗi.

Kada wani ya ɗauka ina kushe gurnani ne. Yau yawancinmu a waya muke sauraron waƙa, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da girgiza 41. Amma idan kunne ya ji 82 da 123 da 165, ƙwaƙwalwa da kanta take cike gurbin muryar ƙasan da ba ta fito ba. Ɗan kaushi kaɗan shi ke ƙarfafa waɗannan muryoyi, shi ya sa masu haɗa sauti ke yayyafa shi ko a waƙar da ba wanda zai ce an taɓa bas ɗinta.

Ɗan'uwa mai kaɗa bas, kada ka saita fedal ɗinka kai kaɗai a ɗaki. Jira mai ganguna da mai jita su fara. Soma da sautin asali zalla, ka riƙa shigo da gurnanin kaɗan-kaɗan, ka daidaita ƙarar yadda takawa da sakewa ba za su sa ta tashi ko ta faɗi ba. Sannan ka miƙa wa wani jitar, ka taka zuwa ƙarshen ɗakin ka saurara. In har kana jin dundumin a ƙirjinka, to saitin ya yi.