Shirya Bidiyo Domin Nunawa a Allo Fiye da Ɗaya

'Yan'uwa, idan babban taro ya zo a Birnin Kebbi ko Argungu, majami'a kan cika har a kafa rumfa a waje, a sa majigi a ciki, talabijin a ƙarƙashin rumfa. Idan hoto ya tsaya ana tsakiyar koyarwa, hankalin jama'a ya watse ke nan. Shi ya sa muke fara shiri tun kwana biyu kafin taro.

Mu ɗauki fim ɗin Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka, akwai shi kuma da Hausa. Tsawonsa wajen awa biyu ne. Bidiyo mai wannan tsawo, idan yana cin megabit 5 a daƙiƙa, nauyinsa ya kai gigabait 4.5. Filashin da aka tsara da FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ko da akwai sauran wuri a cikinsa. Mafita biyu ce. Ko mu sake tsara filashin da exFAT, bayan mun kwashe abin da ke ciki, domin tsarawa tana goge komai. Ko mu rage nauyin da HandBrake, manhaja ce ta kyauta: mu zaɓi MP4 da H.264, mu saukar zuwa megabit 3, fayil ya dawo gigabait 2.7. Yawancin talabijin na karanta wannan tsari.

Kada mu ba kowane allo nasa filashi. Ba za su fara a daƙiƙa ɗaya ba, sai murya ta riƙa karo da murya. Kwamfuta ɗaya ce za ta kunna, daga ita waya ta shiga akwatin raba hoton HDMI, shi kuma ya aika wa kowane allo. Wayar HDMI kan fara yanke hoto idan ta wuce mita 15, don haka allon rumfa yana bukatar na'urar ƙara zango mai aiki da wayar Cat6. Sauti kuma ya fito daga kwamfutar zuwa lasifikan majami'a, a kashe muryar talabijin.

A Maris da Afrilu zafin yankinmu kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskar majigi, har ya kashe kansa. A share ta, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Daren jajibiri, mu sa matasa biyu su kunna bidiyon daga farko har ƙarshe a kan janareta, ɗaya yana kallon allon ciki, ɗaya na waje.