Gyaran Baƙar Laka da Farar Ƙasa da Tokar Kwal

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin tsagewar hanyoyi da gine-gine a kan baƙar laka, da yadda ake magance ta. Irin wannan ƙasa, wadda Barebari ke kira firgi, ta shimfiɗu a wajen Dikwa da Ngala, da kuma kewayen Numan. Tana ɗauke da ma'adinin montmorilonait, wanda kan sha ruwa da damina ya kumbura, da rani kuma ya tsuke har ƙasa ta dare. Riƙon ruwan da ke raya masakwa shi ke karya kwalta da harsashin gini.

Idan aka cuɗa ƙonanniyar farar ƙasa, kimanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na nauyin busasshiyar lakar, aka jiƙa aka danne, abu biyu kan faru. Da farko, kalsiyam yakan sa ƙwayoyin lakar su dunƙule, danƙonta ya ragu nan take. Daga bisani, cikin makonni da watanni, yakan haɗu da silika da alumina, su haifar da abu mai kama da siminti. Tokar kwal, wadda ake tacewa daga hayaƙin tashoshin lantarki, ita ke ƙara waɗannan sinadarai biyu. Inda ta yi wuya, tokar ƙaiƙayin shinkafa kan ba da silika.

Sai dai a kula: in ƙasar tana da salfet mai yawa, farar ƙasa kan jawo sabon kumburi. Saboda haka wajibi ne a gwada ƙasar tukuna kafin a soma aiki.