"An Kama Filin Jirgi": Yadda Abin Yake a Wasan Kwamfuta, da Yadda Ake Ruɗar Mu da Shi

Kowa ya san irin bidiyon nan da kan faɗo a WhatsApp: jirage na ruwan wuta cikin dare, an rubuta a ƙasa wai an kama filin jirgi kaza. Kafin gari ya waye, na waje ya kira gida hankali a tashe. Sau da dama kuwa, ba yaƙi ba ne, wasa ne.

Akwai wasannin kwamfuta da ke kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi, irin su DCS World da War Thunder. A DCS World ɓangare biyu ne, ja da shuɗi, kuma filayen jiragen da ke kan taswira su ne abin hamayya. Jirgi ko ya kwana yana jefa bam, filin bai zama nasa ba. Sai sojan ƙasa ko motocin yaƙi na ɓangarensa sun shiga da'irar filin, sannan babu na abokin gaba ko ɗaya da ya saura. A nan ne launin filin ke sauyawa. Shi ya sa ƴan wasa ke fara kakkaɓe bindigogin harbo jirgi, kana su kawo dakaru da jirgi mai saukar ungulu. Ribar ita ce jiragensu su samu wurin sauka, su sha mai, su ɗauki makamai kusa da fagen daga. A wani salon War Thunder ma abin ya fi sauƙi: ka sauke jirginka a kan titin, filin ya koma naku.

A zahiri fa ba haka ba ne. Sansanin jiragen 201 na Agadez, da sojan Amurka suka bari a watan Agusta 2024, sai da aka yi watanni ana tattaunawa da kwashe kaya kafin a miƙa shi ga sojan Nijar.

Matsalar ita ce hotunan wasannin nan sun yi kama da gaske ƙwarai. A Fabrairun 2022 miliyoyin mutane sun kalli wani bidiyo wai matuƙin Yukren ya kakkaɓo jirgin Rasha, ashe daga DCS World aka ciro shi. Kamfanin Bohemia Interactive, mai wasan Arma 3, shi ma a ƙarshen shekarar sai da ya fito ya yi kashedi kan masu yaɗa hotunan wasansa da sunan labari.

To yaya za mu gane? Mu duba: hoton ya dushe da gangan? Cikin duhu ne, kyamara na ta rawa? Babu mutum ko guda da ke gudu ko magana? Hayaƙi da wuta na tashi iri ɗaya? Akwai lambobi ko ƴar taswira a gefe? Waɗannan alamu ne na wasa.

In an ce maka filin jirgin Tahoua ne, kira ɗan uwa da ke cikin gari, ko ka jira labaran rediyo. Kada ka tura sai ka tabbatar, don tsohuwar da ɗanta ke aikin soja ita ma saƙon zai iske ta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.