Shata ko Ɗanmaraya? Gardamar da Ba Ta da Alƙali

A majalisun Dutsin-Ma da teburan masu shayi na Kurfi, akwai musun da ba ya tsufa. Da zarar wani ya kunna tsohuwar waƙa a waya, sai ka ji an ce, "Ai daga Shata an rufe ƙofa." Kafin ya rufe baki wani ya tare shi: "Haba malam, ina ka baro Narambaɗa?" Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa nasu gwanayen daban ne, sai dai salon gardamar ɗaya ne da na iyayensu.

Turawa ma suna fama da wannan ciwo a kan masu kaɗa gita. A 2003 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta jera gwanaye 100, ta ɗora Jimi Hendrix a kan gaba. A 2023 ta faɗaɗa jerin zuwa 250, Hendrix bai motsa ba, amma na bayansa an yi ta sauya musu wuri, har da waɗanda sun daɗe a kabari. Mamaci dai ba ya ƙara ƙwarewa, ba ya raguwa. Masu zaɓen ne suka sauya, kunnensu ya sauya.

To, ana iya auna makaɗi? Ana iyawa, amma da sharaɗi. Hannu yana da shaida. Ɗauki kukuma, mai tsirkiyar izga: in ka saurari Garba Supa, ka saurari Hassan Wayam ko Ahmadu Doka, kana da hurumin cewa wane ya fi tsabtar ja, wane ya fi iya sa kukuma ta yi magana kamar mutum. Kaya ɗaya suka riƙe, fage ɗaya suka shiga, jama'a iri ɗaya suke rayar da ita. Mai cewa duk makaɗa ɗaya ne, bai taɓa zama gaban ɗan koyo yana gurza goge ba.

Inda magana take ɓaci shi ne a ɗauko mutanen da aikinsu bai haɗu ba a ce sai an fid da na ɗaya. Mamman Shata, haifaffen Musawa, da kalangai da 'yan amshi yake tafiya, ƙarfinsa yana ga ƙirƙirar waƙa nan take, ya ga abu ya waƙe shi kafin ƙura ta lafa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntigi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, ba mai amshi, ba mai rufa masa asiri in murya ta zame, yana yi wa talaka da karen mota da ma'aurata magana. Narambaɗa makaɗin fada ne, da kotso, gwanintarsa tana cikin saƙa kalma da sanin sirrin sarauta. Ɗan'anace kuwa aikinsa ya zuga ɗan dambe har ya manta da zafin naushi. Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa wata duniya ce ita ma. Tambayar wa ya fi a cikinsu kamar tambaya ce tsakanin maƙeri da masaƙi wa ya fi iya sana'a. Shi ya sa masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suke fara rarraba makaɗa gida-gida, na fada, na jama'a, na maza, na sana'a, kafin su ce komai.

Kada kuma a ɗauka jera gwanaye baƙon abu ne a wurinmu. Fada tana naɗa Sarkin Makaɗa, Katsina ta yi Sarkin Taushi. Makaɗan da kansu ba su da kunyar yabon kai. Shata da Narambaɗa kowanne yana da Bakandamiyarsa. Sai dai rawani yana bin hidima da kusanci da sarki, kirari kuwa makamin sana'a ne. Babu ɗayansu da yake ma'auni.

Akwai abin da masu musu ba sa lissafawa: wa aka ɗauka a faifai? Wanda gidajen rediyon Kaduna da Kano suka naɗi muryarsa, aka buga shi a kaset, shi ne ya shiga gasar. Mai garayar da ya yi wa mafarauta kiɗa a dajin ƙasar Katsina, ko mai gogen da ya kwana yana wasa a bikin ƙauye ba na'ura a kusa, ya tafi da gwanintarsa. Haka abin yake a waje. Mdou Moctar na Nijar, bahagon da ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, waƙoƙinsa sun daɗe suna yawo daga waya zuwa waya a Sahara kafin wani Ba'amurke ya ji su ya neme shi. Yatsunsa ba a ranar suka koyi gudu ba.

Ni dai in aka matsa mini, Ɗanmaraya nake zaɓa, don ina jinjina wa mai shiga fage shi kaɗai. Dalili ne da zan iya karewa, kuma mutumin Musawa yana da nasa da zai kare.